Yadda Na Kai wa Dogo Na'urar Motarsa

Tun ranar da na dawo, duk wanda ya zauna a bencin garejinmu sai ya tambaye ni, "Malam Umaru, wai mi ya kai ka gabas?" Wasu sun ji an ce har Goronyo na kai, wasu an ce musu an tsare ni a hanya. Nakan amsa da kalma biyu ko uku in koma kan aikina. Ba rowar magana ba ce, bakin ne ba ya iya ɗauka a tsakiyar mutane. Shi ya sa na ga gara in rubuta sau ɗaya, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Sana'ata gyaran wayar mota, abin da direbobi ke kira riwaya. Na fi shekara talatin ina yi a Sakkwato. Ɗana na fari a hannuna ya koya, ya kuma wuce ni. Ba zan rubuta sunansa ba, kun san yadda muke da ɗan fari. Direbobi Injiniya suke ce masa, ni ma haka zan ce a nan.

Shi ya shigo da aikin na'ura garejin. Wata 'yar aba ce da ba ta fi sabulun wanka girma ba, tana da gilashi a fuska da waya guda. A ƙarƙashin sitiyarin a-kori-kura na zamani masu shan gas akwai wani soket mai ramuka goma sha shida. Nan ake soka ta, sai ta riƙa karanto abin da ƙwaƙwalwar motar ke gani: zafin ruwa, ƙarfin batir, juyin inji. In zafi ya wuce ƙa'ida sai ta yi kuka. Ni ban taɓa ɗaukarta a bakin komai ba. Nakan ce masa kunnena da hancina sun ishe ni. Sai ya yi dariya ya ce, "Baba, kunnenka ba shi bin direba daji."

Zazzaɓi na kwana huɗu ya tafi da shi. Ba zan tsawaita a nan ba. Allah ya ji ƙansa.

Bayan sadakar arba'in na buɗe akwatin kayan aikinsa. A ƙasa na tarar da kwali, da na'ura sabuwa a ciki. A bayan kwalin ya rubuta da hannunsa: "Dogo, Rara. Kafin albasa." Na kai gida na nuna wa mahaifiyarsa. Ta daɗe tana kallon rubutun, ko da yake ba ta karatun boko.

"Ya ba ni labarin mutumin," in ji ta. "Direba na. Bara injin motatai ya ƙone a daji da albasar gari guda, don allurar da ka nuna zahi ta mutu. Albasa ta ruɓe a rana. Yaron ga ya yi mai alkawali zai sa mai wagga kahin a cire ta bana."

Na ce mata ban san Dogo ba, wayar marigayi kuma a kulle take, babu wanda ya san lambar buɗe ta. Na ce ni ban ma taɓa haɗa abin da hannuna ba.

"Alkawali kaya na," ta ce. "In ba ka sauke mai ba, wa ka sauke mai?"

A lokacin an riga an fara ganin sabuwar albasa a kasuwa. Washegari na zuba filaya, sukundireba, tef da ƙwan gwajin wuta a jaka, na ɗora kwalin a sama, na nufi tasha.

Motar Rabah ƙarama ce, mu huɗu a baya. An sa ni kusa da wata tsohuwa mai rungume da kwaryar ƙwan zabi. Duk ramin da muka faɗa sai ta ce "Bismillahi", ta leƙa kwaryar, ni kuma in leƙa jakata. Da ta lura sai ta ce, "Kai ma ƙwai kab biɗo?" Na ce a'a, kayan mota ne. Ta ce, "To riƙon ƙwai kaka yi mai." Sai na sassauta hannu.

Daga Rabah na hau babur zuwa Rara. A birni mutum yakan yi sallama ya faɗi abin da ya kawo shi a tsaye. A can ba haka ba ne. Na tarar da dattawa a gindin bedi, wato darbejiya, na yi sallama na fara cewa ina neman wani, sai babbansu ya ɗaga hannu. Aka shimfiɗa tabarma, aka kawo ruwa, aka damo fura da nono mai kauri. Aka tambaye ni gajiya, aka tambaye ni mutanen Sakkwato kamar ni nake riƙe da su duka. Sai da na ga ƙasan kwarya sannan dattijon, Baffa Sanda, ya ce, "To, baƙo, mi at tahe da kai?"

Na ce Dogo nake nema. Suka kalli juna. Ashe Dogo uku ne a garin: mai nama, mai gyaran rijiya, da mai mota.

"Mai mota ɗan ƙanena na," in ji Baffa Sanda. "Nan anka haihe shi, amma ya koma Kagara, ƙasar Goronyo, wajen dangin uwatai. Yanzu kau ba shi da gari, inda albasa take nan yake. Shekaranjiya an gane shi Wurno. Wa ya aiko ka?"

Nan na tsaya. Sunan ba ya fita daga bakina. Na ce, "Yaron wajena, mai duba mota da na'ura."

"Injiniya!" Fuskarsa ta washe. "Ashe kai na ubanai. Yaron kirki. Ya taɓa kwana nan, har yat tada min injin ban-ruwa da yay yi wata biyu a kwance. Ya ci tuwo malmala ukku, ya ce kar a hwaɗa ma mutanen birni. Ina shike? Mi ya hana shi zakkuwa?"

Tun rasuwar, mutane ne ke zuwa su yi mini gaisuwa, sun riga sun sani. Wannan ne karo na farko da ni zan faɗa wa wani da bakina. Na kalli tabarma na ce, "Ya riga mu gidan gaskiya."

Babu wanda ya yi mini tambaya. Baffa Sanda ya yi salati, ya ɗaga hannu, duk gindin bedin suka ɗaga. Har mai sayar da rake da ke gefe ya ajiye wuƙarsa. Bayan an shafa, ya sa aka gwada kiran Dogo a waya, ba ta shiga. Ya ce wajajen nan sai an hau tudu ake samun sabis, kuma Dogo ba ya hawa tudu sai da mota. Ya hana ni tafiya ranar. Na kwana a zaurensa, aka kawo tuwon dawa da miyar kuka da man shanu. Na ci malmala ɗaya da ƙyar. Da safe matarsa ta aiko mini da hoce, irin wainar dawar nan, a ƙulle cikin leda, guzurin hanya.

Maganar tsarewa da kuka ji, tsakanin ƙasar Rabah da ta Wurno ne. Akwai shingen bincike a wurin, jami'ai da 'yan sintirin gari. Ba na ganin laifinsu, kowa ya san halin da yankin yake ciki. Aka sauke mu, aka ce kowa ya buɗe kayansa. Wanda ya buɗe tawa jakar ya ga wayoyi, ya ga ƙwan gwaji, ya ɗago na'urar da yatsa biyu kamar kunama.

"Baba, wanga mi na?"

Na ce ta duba lafiyar inji ce.

"Ko dai ta bin sawu ta? Irin wadda aka liƙa ma mota a san inda take?"

Da jin haka sauran fasinjoji suka ja baya daga gare ni. A wannan zamani babu kalmar da ta fi muni a jefi mutum da ita a can irin a ce yana kai rahoto daji. Motarmu ta tafi ta bar ni. Aka zaunar da ni a kan benci ƙarƙashin rumfar kara. Na yi bayani sau uku, amma bayanina bai da ƙarfi, don ni kaina rabin abin kawai na sani. Da babbansu ya zo, wani mai furfura a gemu, ya saurare ni har ƙarshe. Sai ya nuna a-kori-kurarsu da ke gefe.

"Ita ma gas taka sha. In gaskiya kaka hwaɗi, sa mata mu gani."

Na durƙusa a ƙofar direba na laluba ƙarƙashin sitiyari. Na sha ganin yaron yana yi, ban taɓa tsayawa na kalla da kyau ba. Yatsana ya taɓa soket ɗin. Na juya bakin wayar sau biyu kafin ya zauna. Gilashin ya kawo haske. Na ce a tada mota. Lambobi suka fito, zafin ruwa tamanin da wani abu, wutar batir sha biyu. Wannan kam fagena ne. Mota na aiki, ya kamata wuta ta kusa sha huɗu.

Na ce, "Yallaɓai, motag ga ba ta caji. Da sahe tura ta kuka yi."

Direbansu ya buga cinya. "Wallahi kullum! Ni da su Mamman, har bayana ya riƙe!"

Aka fashe da dariya. Wanda ya kama ni ya dawo mini da kwalin da hannu biyu, ya ce in yi haƙuri. Na ɗaure musu bel ɗin caji da ya saki, tun da ga ni ga shi. Babban ya tsayar da wata mota mai zuwa Wurno ya ce a sa ni gaba. Ina zaune a ciki na ga ashe ko cire ledar da ke kan gilashin na'urar ban yi ba.

Wurno tun kafin ka shiga hanci ke gaya maka ka iso. Albasa a buhu, albasa a ƙasa, albasa a cikin rumfunan kara da suke ajiye ta. Na je inda ake lodi na tambayi Dogo. Wani dillali mai jar hula ya ce, "Ka yi lattin shan shayi guda. Yanzu yat tashi, ya yi Kagara ɗaukar ta garinsu. Jibi ko gata za ya hito da ita." Na tambayi lafiyar motar. Ya ce, "Tana tahiya. Amma duk inda yat tsaya sai ya dahwa bonet da hannu, kamar mai jinyar ɗiya."

Rana ta yi, babu motar Goronyo sai ta safe. Wani bakanike, Malam Isa, da ya ji ni riwaya ne, ya ce ba a barin ɗan sana'a ya kwana a tasha. Gidansa aka kawo shinkafa 'yar gida da wake, an zuba tafarnuwa kamar ba a san tsadarta ba. Mu a birni ƙwaya biyu ake jefawa a tukunya, su da hannu suke ɗiba. Da la'asar muna zaune a ƙofar gida, mata a ciki suna dakan ganyen albasa don yin gabu, wanda ake shanyawa a ajiye don miya. Yajin ya biyo iska ya cika zauren. Malam Isa na share ido, maƙwabcinsa na share ido, ni ma ina sharewa. Na daɗe ina sharewa bayan su sun daina. Babu wanda ya kalle ni. Na gode wa garin nan saboda wannan.

Goronyo ban zauna ba, sai dai na ci soyayyen kifi a bakin tasha, don mai babur ya ce ba a wuce garinsu da yunwa alhali ga ruwan dam. Daga nan muka kama hanyar Kagara. Yashi ne mai cin taya. Sau biyu na sauka na taka da ƙafa, jakuna masu ɗauke da buhuna suna wuce mu ba tare da sun waiwayo ba.

A bakin gari na hango farar a-kori-kura a gindin tsamiya, ana jera buhuna kusa da ita. Kowane buhu da alamar gidan da ya fito, wani an ɗaura masa jan ƙyalle, wani an shafa shuni, wani an zana da gawayi. Mutumin da ke tsaye yana nuna inda za a ajiye, ba sai an gaya mini shi ne Dogo ba. Kansa ya kusa taɓa reshe.

Na yi sallama, muka gaisa, na ciro kwalin. Yana ganin rubutun ya gane.

"A'a! Sai yau? Wata biyu ina kiran wayatai a kashe! Ka ce ma Injiniya na yi hushi. 'Yan birni ke nan, baki kamar zuma. Shi yana can yana shan iska, ya turo min tsoho cikin ranag ga. Kai wa nasa?"

"Ni na mahaihinai."

"To Baba, ka yi haƙuri, amma ɗanka ya..."

"Allah ya yi mai rasuwa. Yau kwana arba'in da bakwai."

Dogo ya ja da baya har ya jingina da motar, ya sulale ya zauna a ƙasa kusa da taya. Ya cire hularsa ya rufe fuska da ita. Masu lodi suka tsaya. Can ya ce, ta cikin hular, "Baba, ka yahe min. Ina ta zagin mutum yana kabari."

Na ce bai sani ba ne, kuma shi marigayin da ya ji da dariya zai yi. Na ce ya tashi ya buɗe mini ƙofa, aikin da ya kawo ni ke nan.

Wannan karon ban yi dogon lalube ba, na riga na yi sau ɗaya. Na sami soket, na soka. Gilashin bai kawo komai ba. Na cire, na hure ramukan, na mayar. Na ce a murɗa makulli. Inji ya tashi, na'ura shiru, baƙa ƙirin. Mutane sun kewaye motar suna leƙe. Wani ya ce ko zafin hanya ya kashe ta. Na yi kwana uku a hanya, na faɗi rasuwar nan da bakina sau biyu, ga shi abin ya ƙi.

Sai na koma ga abin da na sani. Na ciro ƙwan gwaji, na maƙala shi a ƙarfe, na taɓa ramin ƙarshe na soket, wanda ya kamata ya kasance da wuta ko da mota a kashe take. Babu wuta. Na duba fis, lafiyarsa lau. Na kwanta rigingine a ƙasan sitiyari, ƙafafuna a waje, na bi wayar da yatsa. Ban yi nisa ba na tarar an yanke ta, an karkatar da ita zuwa rediyo da abin cajin waya.

Ba yankan ne ya tsayar da ni ba, ɗaurin ne. An murɗa wayoyin, an lanƙwaso su baya, an naɗe da tef, sannan an ɗaure bakin tef ɗin da siririn yankin robar tayar keke, ƙulli biyu. Mutum ɗaya na sani a Sakkwato mai wannan ɗaurin, don tef ba ya jure zafinmu, yakan saki. Ni ne.

Lokacin da irin waɗannan motoci suka fara shigowa daga Kwatano, mu tsofaffin riwaya ba mu san amfanin soket ɗin nan ba. Mun dai ga waya mai wuta kullum, a kusa da hannu, ba ta zuwa ko'ina. Wayar sadaka muke ce mata. Duk wanda ya zo a sa masa rediyo, ita muke yankewa. Ban san adadin da na yanke ba. Wannan motar ta taɓa biyowa ta hannuna, wataƙila tun kafin Dogo ya saye ta, ban ma tuna ta ba.

Daga inda nake kwance na ce, "Dogo, shi Injiniya ya taɓa leƙa nan?"

"Ya leƙa. Nan inda kake yak kwanta. Sai nij ji yana ta dariya shi kaɗai, har da tari. Na ce mi na? Ya ce, 'Na san hannun da yay yi wanga. Ba ni taɓa shi. Da mai shi za ni zo, shi kwance abinai da kainai.' Na ce wa na? Ya ce in bari sai sun zo, wai mutumin ba shi son tahiya, sai an lallashe shi."

Na ci gaba da kwanciya a wurin. Rufin ƙasan sitiyari duk ƙura ne da tsohuwar saƙar gizo, na daɗe ina kallonsa. Sai da Dogo ya ce, "Baba, lahiya?" na ce masa, "Ni na. Miƙo min filaya."

Na kwance ƙullin biyu. Robar ta bushe amma ba ta saki ba. Na mayar da wayar inda masu motar suka nufe ta, na jawo wa rediyon wata daga akwatin fis. Ina haɗa ta ƙarshe na ji mutanen waje sun yi "Ah!" gaba ɗaya. Na fito na ga gilashin na haske, lambobi suna motsi. Na ɗaure na'urar a gaban sitiyari inda idonsa zai riƙa kai. Na nuna masa lambar zafin ruwa, na ce tamanin zuwa casa'in lafiya ne, in ta yi kuka ya tsaya ko a ina yake.

Mahaifiyar Dogo ta aiko da tuwon gero da miyar yakuwa, ta kuma fito da kanta har ƙofar gida ta yi mini gaisuwa, abin da aka ce ba ta saba yi wa baƙo ba. Na kwana a garin. Na ce ba zan koma ba sai na ga abin yana aiki da kaya a kai.

Da hantsi muka tashi. An yi lodi har ya wuce kan motar, an ɗaure da igiya. Masu albasa suka raka mu bakin gari, wata tsohuwa tana ta nuna wa Dogo buhunta guda biyu masu jan ƙyalle, tana cewa kayan ɗakin jikarta ne a ciki. Dogo ya naɗe ƙafafunsa ya shiga, ni a gefensa.

Yashin ya fi na jiya nauyi, ko kuwa kayan ne. Mota na nishi a giya ta biyu. Ina kallon lamba: casa'in, casa'in da biyar, ɗari. Allurar dashbod kuwa tana kwance a ƙasa abinta, kamar yanzu aka tada motar da asuba. Muna cikin wani dogon kwari sai na'urar ta fara kuka, siririn sauti mai naci.

"Baba, saura kaɗan mu hau kwalta," in ji Dogo. "In nit tsaya cikin yashin ga, ba mu hita sai da shanu."

Na kasa kunne. Inji na tafiya daidai. Na shaƙi iska, babu ƙauri, babu warin ruwan zafi, albasa kawai. Da a gareji ne aka tambaye ni, da na rantse motar lafiyarta lau. Lamba ta ce ɗari da shida.

"Tsaya," na ce.

"Baba..."

"Ga wuri mai tauri can gindin aduwa. Hau nan ka kashe."

Ya hau ya kashe, yana ƙunƙuni. Muka buɗe bonet. Daga sama babu abin da ya nuna. Dogo ya kai hannu zai buɗe murfin lagireto, na buge hannun. Na durƙusa na leƙa ƙasa. Tiyon ruwa na ƙasa ya tsage a bakin ƙarfen da ke matse shi, ruwa na zuba siriri, yashi na shanyewa nan take, ko alama ba ya bari. Da muka jira ya huce muka buɗe, lagireton ya kusa bushewa.

Dogo ya tsaya yana kallon ramin murfin. Ya ce a hankali, "Bara ma haka ta yi. Ban ji komi ba sai da hayaƙi yat tashi."

Tsagar a bakin tiyo take, na yanke wurin na mayar na matse. Wani Bafulatani mai shayar da shanu a rijiya kusa da wurin ya ba mu ruwa jarka biyu. Ya leƙa cikin motar ya tambayi abin da ke kuka ɗazu, don har can ya ji. Dogo ya ce, "Mai gadi na." Muka tada mota. Lamba ta sauka tamanin da bakwai, ta zauna nan har muka shiga Goronyo. Na tsaya na ga an sauke buhunan duka, har da biyun masu jan ƙyalle.

A tasha Dogo ya sa aka ɗora ƙaramin buhun albasa a motar Sakkwato, ya ce na mahaifiyar Injiniya ne, kuma in na ƙi karɓa zai bi ni da shi har gida. Ya riƙe hannuna da nasa biyu, ya sunkuyo don ya daidaita da ni. Sannan ya sake ni na shiga mota.

Na iso gida bayan la'asar. Mahaifiyar yaron na zaune a tsakar gida tana tsince shinkafa. Ta yi mini sannu da zuwa, ta kawo ruwa, ta jira na sha.

"Ta kama?"

"Ta kama. Har ta yi aikinta a gabana."

Na ba ta labarin tiyon da ya tsage, da na wayar da na yanke da hannuna. Ta saurara ba ta katse ni ba. Da na gama sai ta ce, "Shi kukan nata, kamar mi yake? Kullum yana hwaɗin tana kuka, ban taɓa ji ba."

Na duba, babu kowa a gidan sai mu biyu. Sai ni, da furfurata, na tsuke baki na yi mata: "Tit, tit, tit, tit."

Ta fashe da dariya, ta rufe baki da gefen mayafi. Rabon da in ji wannan dariyar tun kafin zazzaɓin. Ta yi ta yi har kafaɗunta na rawa, daga baya ban san ko dariyar ce har yanzu ba, ban kuma leƙa ba. Da ta natsu ta share fuska, ta nuna buhun da ke jingine a bakin ƙofa.

"Kwance shi," ta ce. "Miƙo min biyu in sa a miya."